Yadda za ka gane hanya a babban filin jirgin sama, daga tasha har ƙofar jirgi

Tun 1964 Zariya take da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, kuma mutanen Palladan da Samaru sun saba da ganin ƙananan jiragen koyo suna shawagi. Amma duk wanda zai fita ƙasar waje, ko Umara ce ko karatu ko saro kaya ko neman magani, sai ya nufi Kano ko Abuja, wani lokaci ma Legas. Filayen gida ba su cika rikita mutum ba, domin akwai ɗan rakiya, akwai kuma ma'aikacin da zai amsa maka da Hausa. Inda ake shan wuya shi ne zango na biyu, wato Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Dubai ko Istanbul, inda za ka sauka cikin dare da gajiya, ka tarar da gini mai hawa-hawa da dubban mutane kowa na sauri. Filin Dubai kaɗai ya ga fasinjoji fiye da miliyan 90 a 2024.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, ba a haddace babban filin jirgi, karanta shi ake yi. An tsara shi ne domin baƙon da bai taɓa zuwa ba. Idan ka riƙe lambar jirginka, ka iya duba allo, ka kuma saba ɗaga kai kana bin alamun da ke rataye a sama, za ka isa ƙofarka ko da Turancinka kaɗan ne.

Tun kana Zariya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ejan ya turo maka tikiti, zauna ka karanta, ko ka sa ɗanka ko ƙaninka ya karanta maka, sannan ka kwafe waɗannan a takarda da biro: lambar kowane jirgi, rana da lokacin tashi, tashar da zai tashi, wato ginin da ake rubuta "Terminal", da lambar rajistar tikitin mai harafi shida. A takarda nake nufi, domin caji yakan ƙare, layin gida kuma ba lallai ya yi aiki a can ba.

Lambar jirgi tana farawa da harafi biyu na kamfanin, sai lambobi su biyo. ET na Ethiopian ne, MS na EgyptAir, QR na Qatar Airways, TK na Turkish Airlines, EK na Emirates, SV na Saudia. Idan za ka canza jirgi a hanya, lamba biyu gare ka, kuma ta biyun ce za ta yi maka aiki a zango. Filayen su ma suna da nasu haruffa uku: KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, ADD Addis Ababa, CAI Alƙahira, DOH Doha, DXB Dubai, JED Jidda, MED Madina. Istanbul filaye biyu gare ta, IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya, kuma akwai tafiya mai nisa a mota tsakaninsu. A duba da kyau.

Sai lokaci. Da agogon awa 24 ake rubutawa, 15:30 ita ce uku da rabi na yamma. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne jirgin tsakar dare: idan an rubuta 00:45 ranar Talata, to ranar Litinin da dare za ka kasance a filin. Wanda ya je ranar Talata da dare ya makara da kwana guda cur. Haka kuma kowane lokaci da ke tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Addis Ababa da Doha da Istanbul da Saudiyya suna gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku.

Tambaya ɗaya ce nake roƙon kowa ya yi wa ejan kafin ya biya kuɗi: tikiti ɗaya ne har inda za ni, ko tikiti biyu aka haɗa? Idan ɗaya ne, kayanka za su wuce kai tsaye, kai kuma za ka zauna cikin filin ka jira jirgi na biyu, kuma in jirgin farko ya yi latti, nauyin kamfani ne ya nema maka wani. Idan biyu ne daban-daban, sau da yawa sai ka fita ta wurin jami'an shige da fice, ka ɗauki kayanka, ka sake kai su awo, wanda hakan ke buƙatar bizar ƙasar da ka yada zango. Arahar irin wannan tikiti takan zama tsada daga baya. Mai fasfon Nijeriya da zai canza jirgi a Ingila ko Faransa ko Jamus kuma, yawanci yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa wannan sharaɗi. A tabbatar tun daga gida.

Filin farko

Ka isa awa uku kafin tashi, a lokacin cunkoson Umarar azumi ka ƙara. Hanyar Zariya zuwa Kano ba ta da tabbas ta fuskar cunkoso, don haka in jirgin safe ne, kwana a Kano ya fi kwanciyar hankali. Mai zuwa Abuja ta jirgin ƙasa daga Rigasa shi ma gara ya tafi ana gobe tashi. Ka gaya wa direba ɓangaren jiragen ƙasar waje za ka, domin ba ɗaya yake da na cikin gida ba. A Legas ma sai an shiga mota tsakanin biyun.

A ciki, nemi kantar kamfaninka ta awon kaya, galibi ana rufe ta awa guda kafin tashi. Nan za a karɓi manyan jakunkuna, a liƙa wa kowacce doguwar takarda. Kafin jaka ta wuce, duba haruffa ukun da ke jiki: in Jidda za ka, JED za ka gani a matsayin zangon ƙarshe. Za a ba ka ƙananan rasiɗai na kayan. Ƙirga su, yawansu ya zo daidai da yawan jakunkunanka, ba ƙari. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da kuka ya roƙe ka, ko da ya ce magani ne za a kai wa mahaifiyarsa. Duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka, kai za a tuhuma, kuma hukuncin ƙwaya a Saudiyya da ƙasashen Asiya mai tsanani ne ƙwarai.

Fasfo, katin rigakafin shawara, kuɗi, magungunan da kake sha kullum, caja da batirin ajiye caji, duk a jakar hannu. Ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 kuwa a babbar jaka, in ba haka ba za a karɓe a wurin bincike. Wanda ke ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan.

Katin shiga jirgi

Wannan ɗan katin shi ne jagoranka, ka ba shi minti biyu. Abu huɗu za ka nema. "Flight" ita ce lambar jirgi. "Gate" ita ce ƙofar da za ka shiga jirgi ta cikinta. "Boarding" lokacin fara shiga. "Seat" kujerarka.

Mutane da yawa suna rikita ƙofa da kujera, domin dukansu harafi ne da lamba. Bambancin mai sauƙi ne: a kujera lamba ce ke gaba, kamar 23A, a ƙofa kuwa yawanci harafi ne ke gaba, kamar A23. Mutum yakan yi ta yawo yana neman ƙofa mai lambar kujerarsa. Sannan lokacin da za ka riƙe shi ne na fara shiga, ba na tashi ba. Ana rufe ƙofa kamar minti 15 zuwa 20 kafin tashi, kuma in an rufe an rufe, ko kana hango jirgin ta gilashi.

Idan tikitinka ɗaya ne, yawanci tun daga Kano ko Abuja za a ba ka kati biyu. Sau da yawa za ka ga wurin ƙofa a kati na biyu babu komai. Ba kuskure ba ne, ba a riga an tsayar da ƙofar ba ne. Ko da an rubuta ma, kada ka dogara da ita, domin an buga ta awanni da yawa da suka wuce.

Ka sauka a zango

Nan ne ainihin aikin. Da ka fito daga jirgi, kowa zai bi doguwar hanya ɗaya, can gaba sai ta rabu biyu. Ɗaya an rubuta "Arrivals" ko "Baggage Claim" ko "Passport Control", wannan ta waɗanda tafiyarsu ta ƙare a garin ce. Ɗayar an rubuta "Transfers" ko "Connecting Flights" ko "Transit", ita ce taka. Kada ka bi taro don ka ga sun fi yawa, kada kuma ka bi wani don kawai ka ji yana Hausa, mai yiwuwa shi nan ya zo. Tsaya a gefe, ɗaga kai, karanta, sannan ka taka.

Abu na biyu, gyara agogo. Wayar da ba ta kama layi ba takan ci gaba da nuna lokacin Nijeriya, sai mutum ya zauna yana ganin saura awa uku alhali saura awa ɗaya. Agogon da ke jikin allon filin shi ne gaskiya.

Idan ba a ba ka kati na biyu ba, nemi kantar da aka rubuta "Transfer Desk", ka miƙa fasfo da rasiɗan kaya. Bayan haka galibi za a sake bincike. Cire agogo da bel da waya da tsabar kuɗi ka zuba a faranti, ka shanye ruwan gorarka ko ka zubar. Mace tana da damar neman mace ta bincike ta, kuma mai niƙabi za ta iya neman a duba fuskarta a keɓe.

Yadda ake karanta allo

Da ka wuce bincike za ka ga manyan alluna an rubuta "Departures" a kansu. An jera jiragen ne bisa lokacin tashi, a wasu filayen kuma bisa haruffan sunan gari. Fara da lokacin jirginka, sannan ka tabbatar da lambarsa harafi da harafi. Kada ka tsaya a sunan gari kawai, domin a babban fili jirage da dama kan tafi Jidda a dare ɗaya, na kamfanoni daban-daban, ta ƙofofi daban-daban. Wani lokaci za ka ga lambar da ke layinku tana canzawa, yanzu ta wannan kamfani, an jima ta wancan. Jirgi ɗaya ne kamfanoni suka yi tarayya a kansa, jira kaɗan taka za ta fito. Haka allon yakan juya daga Larabci ko Turkanci zuwa Turanci, ka ba shi 'yan daƙiƙu.

A ƙarshen layin akwai ƙofa da halin da jirgin ke ciki. "Go to Gate" na nufin ka kama hanya. "Boarding" an fara shiga. "Final Call" ko "Last Call" kiran ƙarshe ne, ka yi sauri iya ƙarfinka. "Delayed" an jinkirta, "Cancelled" an soke, "Gate Closed" an rufe. In wurin ƙofa babu komai, zauna kusa da allo kana dubawa. Ɗauki hoton layinka da waya.

Kada ka jira a kira sunanka a lasifika. Filaye da yawa sun rage sanarwa, in ma an yi, yadda baƙon harshe zai furta sunan Bahaushe ba lallai ka gane da kai ake ba.

Ƙofa tukuna, sauran abubuwa daga baya

Wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci. Da zarar ka san ƙofarka, tafi ka gan ta da idonka kafin abinci, kafin shaguna, kafin kiran gida. In ka gan ta, ka san nisanta, sai ka dawo ka yi alwala, ka yi salla, ka ci abinci hankali kwance.

Harafin ƙofa yana nuna reshen ginin, lambar kuma wurin da take a reshen. Mai neman C24 zai fara bin kibiyar C, sai ya shiga reshen ya koma bin lambobi. Alamu kan haɗa ƙofofi, kamar C1 zuwa C30, ka duba ko taka ta faɗa ciki. Kibiyar da ta kalli sama tana nufin miƙe gaba, ba hau bene ba, sai in an zana matakala a gefenta. A wasu filayen ana rubuta mintunan tafiya kusa da alamar, ka yarda da su, in kana tare da dattijo ka ninka. Sabon filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, gini ɗaya ne, amma daga tsakiyarsa zuwa ƙarshen reshe tafiyar ƙafa ce mai tsawo. A filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, rassan suna daga A zuwa E, kuma a tsakiya akwai wani ƙaton mutum-mutumin dabba mai launin ɗorawa da fitila a kansa. In kuna da yawa, ku sa shi ya zama mahaɗarku idan wani ya ɓace.

Akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta a dogayen hanyoyi. Mai tsayawa ya raɓe gefe ya bar wa masu sauri hanya. A tattare babbar riga da abaya da bakin zane a kanta da kan matakala mai motsi, domin tana iya kama tufa. Wanda bai saba ba ya nemi lif, babu abin kunya a ciki. Wasu ƙofofin kuma a ƙasa suke, inda bas ke kwasar fasinja zuwa gindin jirgi, kuma irin waɗannan sukan fara shiga da wuri.

In ka isa, duba ƙaramin allon da ke saman ƙofar, ka ga lambar jirginka da sunan garin. Ana canza ƙofa, don haka ko kana zaune ka riƙa leƙa allo duk bayan rabin awa. In ka ga mutanen da kuke zaune tare sun watse, tashi ka bincika. In barci ya rinjaye ka, yi shi a bakin ƙofarka, ka saita ƙararrawar waya, jakarka a jikinka.

Masallaci kusan kowane babban fili yana da shi. Nemi "Prayer Room", a Turkiyya "Mescit". Ga mai Umara da jirginsa zai sauka Jidda, zangon nan ne wurin da ya fi sauƙin yin wanka ko alwala da sa tufafin harami, tunda jirgi zai ratsa miƙati kafin ya sauka, kuma banɗakin jirgi matsattse ne. Saboda haka haramin ya kasance a jakar hannu, kada ya tafi cikin babbar jaka. Wanda zai fara sauka Madina ba ya buƙatar wannan sai zai fito zuwa Makka.

Idan tashar ta bambanta

Babban fili yakan ƙunshi gine-gine da yawa da ake kira "Terminal", ana taƙaita su T1, T2, T3. Ɗauke su kamar harabar Samaru da ta Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello: jami'a ɗaya ce, amma ba a zuwa wata daga wata da ƙafa a kan lokaci. A Dubai, Emirates tana T3, yawancin sauran kamfanonin ƙasashen waje suna T1, T2 kuwa tana can ɗaya gefen titin jirage, sai da bas. A cikin T3 ɗin ma, ƙofofin A sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa. A Alƙahira manyan tashoshi uku ne, yawancin jiragen EgyptAir suna T3. A Heathrow ta Landan akwai T2 da T3 da T4 da T5. Bas da jirgin ƙasan da ke cikin fili na masu canjin jirgi kyauta ne, kada ka biya kowa. Abin kiyayewa shi ne ka bi alamar canjin jirgi zuwa waccan tashar, kada ka fita waje da nufin neman tasi.

Ranar dawowa daga Umara ma haka. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana da sabuwar T1, wadda ke da tashar jirgin ƙasan Haramaini mai zuwa Makka da Madina, da tashar arewa, da tashar alhazai, kuma suna nesa da juna. Tun kafin mota ta bar Makka ka duba tikiti ka gaya wa direba wacce za ku.

Tafiya da iyaye

In Baba ko Hajiya ne za su yi tafiya, musamman su kaɗai, a nemi keken tura marasa ƙarfi daga kamfanin, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne. Amfaninsa ya wuce hutar da ƙafa, domin ma'aikaci ne zai tarye su a bakin jirgi, ya bi da su wurin bincike, ya kai su har ƙofa ta gaba. Dattawanmu sukan ƙi, su ce ai ƙafarsu lafiya lau. A lallashe su. A kuma rubuta musu kati da manyan haruffa mai ɗauke da suna, lambar jirgi, garin da za su, da lambar wayar wani na gida haɗe da +234, su sa a aljihun gaba.

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya: mai kayan aiki da katin shaida a wuya, ko kantar da ke da alamar harafin i. Ba sai an yi dogon bayani ba, nuna katin shiga jirgi ya isa. Fasfo kuwa ba a miƙa shi sai ga jami'i a kan kantarsa.

In jirgi ya wuce, da kuma isa

Idan ka tarar an rufe ƙofa, kada ka fita daga filin, kada ka yi faɗa da ma'aikacin ƙofa, ba shi da ikon buɗewa. Koma kantar canjin jirgi ta kamfaninka. In lattin jirginsu na farko ne ya jawo, za su sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma in jiran ya yi tsawo ka tambayi abinci da masauki. In kai ka makara, mai yiwuwa ka biya. Ko ta yaya, tambayi inda kayanka suke, ka kuma sanar da mai tarbarka ta intanet ɗin filin.

A zangon ƙarshe kuwa, yanzu "Arrivals" ce taka. Bi layin baƙi a wurin shige da fice, kowa da fasfonsa a hannunsa, da biza da adireshin masauki. Daga nan duba allo ka ga lambar bel ɗin da kayan jirginku za su fito. Baƙaƙen jakunkuna suna kama da juna, don haka ɗaura wa taka ƙyalle mai launi tun daga gida, ka kuma gwada lambar jikinta da rasiɗinka kafin ka ja. In bel ya tsaya jakarka ba ta fito ba, je kantar ɓatattun kaya da ke cikin zauren, ka nuna rasiɗi, a cika maka takardar rahoto, ka karɓi lambarta kafin ka wuce kwastan, domin in ka fita ba a barin ka ka dawo ciki.